Kilo Ɗari da Sittin

Hunturu biyu na cinye a garejin bayan gida,
a Canora, inda sanyi kan liƙe ƙofa da bango,
ina ɗora ɗaki a kan ƙashin amalanken kwale-kwale
da Wendell ya sayar mini, tsatsa har wuya.
Na yi walda har girata ta babbake.
Falankin da ya fi kauri shi nake zaɓa,
ina cewa abin da za a kwana a ciki
ba a yi masa rowar katako.
Lesia kan leƙo da shayi, ta dubi rufin:
"Orest, ɗakin yawo kake gini ko gidan yari?"

Ranar da ƙanƙara ta saki hanya
na ja shi zuwa sikelin rumbun alkama.
Marlys ta miƙo 'yar takarda ta taga, ba ta ce uffan ba.
Dubu ɗaya da sittin.
Littafin motata kuwa ɗari tara ya ce,
kuma ƙarfe ba ya jin magiya.

Kilo ɗari da sittin.
Ƙatti biyu ke nan da ban gayyata ba
sun riga ni kwanciya a gadona.

Muka baje komai a ciyawa kamar masu rabon gado.
Na zubar da ruwan tanki, lita arba'in, kilo arba'in,
ashe ruwa ma ba ya hawa mota kyauta.
Batir na biyu ya sauka.
Ƙofofin kabad suka koma labule.
Sai aka zo kan kayan da ke da masu su.
Na nuna kwalaben kokwambarta, goma sha takwas:
"Tafki za mu, ba gudun yunwa ba."
Ta nuna injin waldata:
"Wannan fa? Kifi zai liƙe maka?"

Teburin da mahaifina ya sassaƙa
shi na yi ta kewayawa har rana ta yi ja.
Kilo talatin da ɗaya.
Noti huɗu ne. Da hannuna na kwance,
na mai da shi kicin, inda sawun ƙafafunsa
bai ma goge daga daɓe ba.

Marlys ta sake awo, ta yi murmushi. Ɗari takwas da casa'in.
Na ɗauka an gama.

A kan babban titi motar taki ta wuce mu,
iskarta ta sharara wa ɗakin mari,
sai ya kama kaɗa gindi, hagu, dama, hagu,
kamar saniyar da ƙudan tsando ya ciza.
Sitiyari ya zama sabulu a hannuna.
Ban taɓa birki ba. Na ɗaga ƙafa daga totur,
na bar gudun ya mutu mutuwar kansa.
Shaidar farcen Lesia har yau tana gwiwata.

Gefen wata gonar alkama muka buɗe ƙofa.
Laifina ne: duk mai nauyi na tura can bayan taya
don in sami wurin miƙe ƙafa.
Ta zaro sikelin banɗakinta,
wanda na so a bari a gida da safe,
muka tokare wuyan ƙugiya a kansa.
Talatin. Gaba ba ya riƙe da komai.
Tukunyar gas ta dawo gaba, kwalabe bisa taya,
ina ja, tana karanta allura,
har ta tsaya a casa'in.
Daga nan ya biyo mu salin-alin.

Daren nan, bakin tafki, ruwa na buga rufi,
ba inda ya ɗiga.
Muka ci abinci a kan gwiwa, tunda babu tebur.
Ta buɗe kwalba, ta turo mini:
"Ci. Duk wadda ka cinye, mota ta huta."
Na ci uku.
Ban gaya mata ba
cewa nauyin wurin zama kawai ya sake.