Mai Fassarar Mutanen Sama

Shekara bakwai ina tsaye jikin katanga
a rumfar kallon Ɗayyabu, nan Harbo,
ni ne bakin mutanen sama.
Jarumi ya yi magana da yarensu, in juye wa jama'a,
inda ban gane ba, in zuba gishirina.
Na raɗa masa Tanimu.
Jirginsa na ce akushi ne aka kife.
Dodo mai ido uku na ce mai karɓar haraji ne,
aka yi dariya har benci ya karye da mutum biyar.

Ƙanen Tanimu kullum a wuri ɗaya yake mutuwa,
kan siririyar gada, tsakanin wata biyu.
Sau ɗari na kashe shi da bakina.
In an zo wurin nakan sassauta murya,
har mai gyaɗa ta daina kaɗa gwangwani.

Bana Ɗayyabu ya dawo daga Gujungu
da baƙin akwati ɗaure a bayan babur
da abin riƙo biyu, kamar ƙahonnin rago.
Ya ce fim ɗin ne dai, amma yanzu da hannu ake tuƙa shi.
Naira hamsin, minti goma.
Ba wanda ya ce in tafi.
Ba wanda ya ce in yi magana.

Yara suka gaje sararin.
Lurwanu ɗan mai faci, wanda iyakar tafiyarsa Jahun,
shi ke ratsa duwatsu masu yawo
kamar yana kora awaki ta tsakanin kunyoyi.
Yatsun da suka yini suna kakkaɓe riɗi
su ke harbo wuta shuɗiya,
harshe a waje, kafaɗa na bin jirgi in ya karkata.

Kwana tara ya yi kafin ya kai gadar.
Ya yi gudu, ya yi tsalle, ya miƙa hannu,
sai akwatin ya ƙwace linzami.
Maɓalli ya mutu a ƙarƙashin yatsa,
hoto ya ci gaba da kansa,
yaron ya faɗa kamar yadda ya saba faɗawa.

Ya sake biya. Ya bi ta hagu.
Ya sake biya da kuɗin cefanen uwarsa.
Ya juyo: Baba Haladu, kai ka san fim ɗin,
babu wata hanya?

Na so in ce masa ni ma ina da gada.
Shekarar da ruwa ya ci shinkafa,
Tasi'unmu a kan kwalekwale da buhu biyu,
ni a bakin gaɓa da gora a hannu.
Na bi ta hagu, na bi ta dama,
kowane dare ina sake biya.
Ban faɗa ba. Na ce, gwada dai.

Daren Laraba ya hau gadar karo na sha ɗaya.
Ƙanen na rataye da hannu ɗaya,
Tanimu saura taku uku,
sai janareta ya yi tari, ya yi tari, ya haɗiye.
Duhu. Warin fetur. Kukan kwaɗi daga fadama.

Wani ƙaramin ya ce, to me ya faru?
Na ji kawuna suna juyowa wajen katanga.

Na miƙe, gwiwa ta yi ƙara.
Na gyara murya irin ta da.
Na ce, ya kama shi.
Ya kama shi a wuyan hannu, ya fizgo shi,
sun koma akushi, uwarsu ta dama musu fura.

Lurwanu ya san ƙarya nake.
Ya ajiye ƙahon a hankali kan benci.
Muka fito, kaza da 'ya'yanta na bisa tarin riɗi,
ya tsaya yana ƙirga su,
babban yatsansa bai daina motsi ba.