Mai Gadin Ƙofar Ruwa

Shekara talatin da huɗu
ina buɗe ƙofar ruwa ina rufewa a gonakin Jazira,
na san ƙishin auduga tun ganyenta bai langaɓe ba.
Da na ajiye mabuɗi, abokan aiki suka ce:
Mamuda, kai ba ka taɓa sayar da ruwan wani ba,
je ka zauna mana a kwamitin asusun fansho.

Sai ga takarda daga Wad Madani:
ba kujera sai an yi kwas,
kwana goma sha biyu, da jarrabawa.
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Mai furfura za a koya wa amana?

Ustaza Ikhlas, sa'ar autata,
ta tsaya gaban allo, fanka na gurnani a kanmu.
Ta ce: riba kashi ashirin, wa ya ji daɗi?
Na ɗaga hannu, ni da Babikir malamin sikeli.
Ta rubuta a ƙasa: farashi ya hau kashi sittin.
To yanzu fa?
Hannuna ya sauko a hankali, kamar na aro.

Ai na san wannan ɓarawon.
Rana ce a kan madatsar Sinnar:
ba ta fasa kwado, ba ta barin sawu,
kana tsaye da sandarka, ruwa yana tafiya sama.
Shi ya sa kuɗin Kulu, matar marigayi Sambo,
da suke sayen buhun dawa,
yau sukari da albasa kawai suke ɗaukowa.

Kwana na bakwai aka raba mana fom:
rubuta duk ɗan uwanka da zai ci da asusun nan.
Na tuna Nuren yayata da shagon simintinsa,
da ragon da ya kawo min ran da aka zaɓe ni.
Biro ya yi nauyi.
Na rubuta shi, har da ragon.

Da dare jikata ke riƙe min fitila.
Hannun jari. Lamuni. Kada a tara ƙwai a kwando ɗaya.
Wannan kam kakata ta riga ustaza faɗa,
sai dai ita ba ta kawo lissafi ba.

Na ci jarrabawa da ƙyar, hamsin da bakwai.

Ran zaman farko wani mai kwat ya shimfiɗa takardu,
ya ce a sa hannu, lokacin salla ya matso.
Da a da ne, da na sa,
don ni mai gaskiya ne, na ɗauka kowa haka.
Na gyara tabarau, na ce:
salla ba ta gudu, ɗana.
Koma shafi na tara.
Wannan ruwan da ya fita nan,
gonar wa ya shiga?