Mai Tsaron Sanyi

Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta.
Daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni duhu ya kwanta.
Na cije tocila a baki, na murɗa janareta,
ya yi tari sau biyu, sannan ya kama.

Ni ba likita ba ne,
a aji uku karatuna ya tsaya.
Amma Dakta Hajjo ta damƙa mini makulli,
ta ce, "Gambo, ranar da firijin nan ya yi ɗumi
wahalar shekara huɗu ta bi ruwa."

'Yan kwalabe ne a ciki, ba su kai ɗan yatsa ba,
kowace da lamba, ba suna.
Jinin ɗan dako daga Dawanau,
jinin wata mai koko a Fagge,
waɗanda zazzaɓin Lassa ya kayar, suka miƙe.
Wai jininsu ya haddace fuskar cutar,
haddar ake so a ɗura wa allura,
ita kuma ta biya wa jikin kowa.

Lantana ba ta miƙe ba.
Ƙanwata ce, nas, mai wushirya.
Ta karɓi haihuwa ranar da safar hannu ta ƙare.
Kwana tara muna cewa sauro ne,
sai da dasashinta ya fara tsatsafo da jini.
Ba mu muka yi mata wanka ba.
Wasu ne, a rufe ruf da farar leda,
Inna na bayan igiya
riƙe da turaren da aka hana ta shafa mata.

Jiya na tambayi Dakta, yaushe?
Ta cire tabarau, ta murza ido.
"Ƙila biyar. Ƙila goma.
Ƙila wannan ta faɗi, mu koma farko."
Na so ta yi mini ƙarya. Ba ta yi ba.

Wani ɓera ya gilma ta bayan durom ɗin gas,
ya tsaya, muka kalli juna.
Bai san abin da yake bari a buhun gero ba.
Na jefe shi da silifas, na kuskure.

An kira assalatu.
Na haska allon firiji: tamanin ƙasa da sifili.
Na rubuta a littafi, na sa hannu,
na ƙara wa injin mai
kafin na ɗauki buta.