Ƙarfe Huɗu a Mararaba

Ƙarfe huɗu, ladan bai ko gyara murya ba,
Nafi'u ya riga ya shaƙe wuyansa da nektai.
Ni ke zuba masa shayi a gora,
ya sha a cunkoson Nyanya,
inda motoci ke jan ciki har hantsi.

A ofishinsu na Wuse akwai wani allo,
sunan kowa da kuɗin da ya jawo wa banki.
Wata uku nasa na can ƙasa,
an zagaye shi da jan biro.
"Miliyan ɗari biyu kafin wata ya mutu,"
in ji shugabarsu, da murmushin mai raba goro.

Da makulli ya fara mantuwa.
Sai wata Lahadi ya dubi 'yarmu
ya ce mata "kwastoma".
Muka kwashe da dariya.
Shi bai yi ba.

Cikin dare wayarsa a kashe, amma yana jin kukanta.
Ya zabura ya ce wa bango,
"Na'am, ranki ya daɗe."
Lissafi na bin sa har sujada,
ya yi raka'a biyar ya rantse uku ce.
Tuwo ya huce a gabansa, ya yi ɓawo.

Gwaggonsa ta ce sammu ne,
ta aiko da rubutu daga Keffi a jarka.
Abokai suka ce, "Kai da ka samu?
Wasu na yawo da takardu a hammata."
Ya yi shiru. Ya ƙara matse nektai.

Ran Talata aka kira ni.
Yana tsaye a shataletalen Baga
rungume da jaka, hawaye har gemu,
ya kasa tuna ko tafiya yake ko dawowa.

Likitar Karu ta saurare shi sa'a guda.
Ta ce ba iska ba ce, ba ragwanci ba,
ciwo ne, yana da suna, yana da magani.
Ko jaki, in mangala ta fi ƙarfinsa, durƙusawa yake.

Yau kwanansa ashirin a gida.
Nektai na ƙasan akwati, ni na ɓoye.
Kuɗin haya na nan tafe,
ban san ta inda za su ɓullo ba.

Jiya dai ya yi barci har rana ta taɓa taga.
Da ya farka ya leƙa tsakar gida,
ya ce, "Suwaiba, zo in ɗaure miki takalmi."