Bokitin Ritva

Ƙarfe tara a Oulu, duhu bai saki taga ba tukuna.
Ni kuwa tun asuba nake fere dankali,
tururin miyar kifi ya rufe min tabarau,
dusar ƙanƙara tana ta zuba kan kekunan yara.

Shekara goma sha tara ina bayan wannan kanta.
Na san ƙarar cokali a farantin da aka cinye,
na san kuma wata ƙarar, wadda ba na so:
tim! a cikin baƙin bokitin bakin ƙofa.

Ran Litinin na ɗora shi a sikeli.
Kilo ashirin da uku.
Na ɗauki alli, na rubuta a allo ɓaro-ɓaro,
ban ce wa kowa uffan ba.

Aatos, ɗan aji huɗu, mai wushirya,
shi ne sarkin tuli: ya zuba, ya ƙara,
loma uku, sai ya miƙe.
Na ce, "Yaro, ido ba mudu ba, amma ya san kima.
Ɗebi kaɗan, tukunyar ba gudu za ta yi ba."
Ya harare ni, ya ɗebi kaɗan don haushi,
ya dawo sau biyu, ya suɗe farantin tas.

Na ɓoye babban ludayi a aljihun tebur,
na fito da ƙanensa.
Laraba sha bakwai.
Juma'a sha tara, don an dafa kabeji.
Ba kullum ake kwana a gado ba.

Abin da bai taɓa faranti ba yana nan da tsabtarsa.
Ƙarfe ɗaya sai ga Veikko, tsohon direban bas,
da 'yar robarsa, da canji a tafin hannu.
Tun da matarsa ta rasu bai kunna murhu ba.
Rannan Aatos ya manta hularsa, ya dawo,
ya tarar da tsohon yana hura miyar
da ya bari a tukunya.
Ya tsaya. Ya dubi allo. Ya ɗau hularsa ya fita.

Yau kilo takwas.
Na ɗaga bokitin da hannu ɗaya, bayana bai yi ƙorafi ba.
A gefen lambar wani ya zana kifi da alli,
kifin yana dariya,
da wushiryarsa.