Lamba Arba'in da Bakwai

A takardar bincikenmu ba ka da suna,
lamba ce kai: arba'in da bakwai.
Amma ni na san ka, Tasi'u,
tare muka yi zamiya a badala.

Yau na iske ka a kangon bayan Kurna,
ku huɗu, allura ɗaya,
tana zagaya ku kamar moɗa a bakin randa.
Ban yi wa'azi ba. Tsugunawa na yi.
Takarda ta ce in tambaya:
sau nawa a mako, kai da wa?
Ka ce, "Rubuta: jijiyar hannu ta gudu,
na koma ta ƙafa."

Na ajiye sababbi goma a leda,
na zuba tsofaffin cikin galan mai murfi.
Ɗigon jini guda,
muka zura wa tsinken gwajin ƙanjamau ido
kamar masu duban wata.

Layi ɗaya.
Ko murmushi ba ka yi ba,
sai ka ja hannun riga ka ce,
"Gwada Nafi'u. Kullum shi ke fara sokawa."

Nafi'u tuni ya haura katanga.
Laraba zan dawo.