Haƙora Ashirin da Shida

A Valparaíso babu titin da ya kwanta.
Ko dai ya miƙe tsaye,
ko ya zube cikin teku.
Gidana yana ƙolin Cerro Cordillera,
gidan burodin da nake kwaɓi yana ƙasa, gab da tashar jirgin ruwa.
Da asuba in ci gangara bashi,
da yamma in biya da gwiwa.

Keken na Aurelio ne.
Ya bar mini shi, da agogo, da cikon kuɗin kanti.
Keken tsere, siriri kamar sillen kara,
faranti biyu a gindin feda:
babban haƙora hamsin da biyu,
ƙaramin arba'in da biyu, ƙarami a suna kawai.
Shekara uku, daga kwanar mai sayar da kifi nake sauka
in tura shi da hannu, ina haki,
kamar ni ce abin hawa.

Ran Laraba na kai wa Don Eusebio.
Bai dubi keken ba. Ƙafafuna ya duba.
"Me kike ɗauka?"
Burodin da ya yi kwantai, albasa, wata rana tukunyar gas.
"Ina zuwa?"
Gida. Sai watan Janairu, in rana ta buɗe,
kudu, wajen ƙanwata Herminia a Valdivia,
kusan kilomita dubu, da tanti da bargo.
Ya goge giris a wando, bai yi dariya ba,
shi ya sa na yarda da tsayawa.

Ya shimfiɗa tsohuwar jarida,
ya jera su kamar mai tallar faifai.
"Guda tilo, yayin samari ne, ba ciwon kai,
amma tazararsa ba ta kai tsaunin nan da shimfiɗar kudu ba.
Biyu, arba'in da shida da talatin: sakayau, da kyan gani.
Uku," ya ɗaga, ya auna a tafi,
"arba'in da takwas, talatin da shida, ashirin da shida.
Nauyi ne da shi, yara kan ce kayan tsofaffi.
Na tsakiyan shi za ki zauna a kai kullum,
babban don ranar da iska ta bi bayanki,
ƙaramin don ranar da ta juya miki fuska.
Ɗora sarka a kansa, baya ki ba ta talatin da biyu:
ki taka sau ɗaya, taya ba ta cika zagaye ba.
Kunya ce ga mai tsere,
ga mai kaya kuwa baiwa."

Na ce, a bar mini babban, na Aurelio ne.
Ya shafa haƙoran da babban yatsa;
duk sun cinye, sun lanƙwashe kamar ƙaya.
"Marigayin kansa kaɗai yake ɗauka, Doña Nélida.
Ke kuwa har da shi kike ɗauke."
Na juya ina karanta farashin tayoyi a bango
har idona ya gama abin da zai yi.
Shi kuma ya gwada ƙwaurina da zare,
ya rage wa hannun feda rabin santimita,
bai tambayi kowa ba, bai gaya wa kowa.

Yau na wuce kwanar mai kifi a kan sirdi.
Ƙafa na juyawa da sauri, keke na rarrafe.
Kare mai ɗingishi ya wuce ni,
wata tsohuwa da ledar tumatir ta jera da ni har muka gaisa.
Na ga ƙofa shuɗiya da ban taɓa lura da ita ba,
na ji sarka tana ƙirga haƙoranta a hankali.
Ban sauka ba.

Hamsin da biyun yana kan teburin kicin.
Butar shayi nake ɗorawa a kai,
ba ta ƙona katako.
Taswirar kudu tana gefe, na danne ta da sifana,
gwiwata kuma, karon farko a shekara uku,
ta yi shiru, ba ta da abin cewa.